Kafin a saya wa yara hamsta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana a kan wata 'yar ƙaramar dabba da ta fara shiga gidajen mutane a nan Jos da kuma Abuja, wadda ake kira hamsta. Na san wasu masu karatu za su ce a cikin wannan hali na tsadar rayuwa ban sami abin rubutu ba sai ɓera, kuma ba zan ga laifinsu ba, domin ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da aka shigo da ita gidana. Sai dai tunda yara suna ganin ta a TikTok da YouTube suna hana iyaye sakat, gara a san yadda ake riƙon ta, da a saye ta yau a binne ta bayan mako biyu.

Ƙanena ne ya zo da ita daga Abuja a cikin wani kwali da aka huda wa ramuka, tukuici ga 'yata mai shekara tara da ta yi ƙoƙari a jarrabawa. Mai sayarwar ya tabbatar masa cewa dabbar ta riga ta saba da mutane, sai dai a ɗauka kawai a yi wasa. Kafin magariba yaran gidan da na maƙwabta sun yi wa kwalin zobe, wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya leƙa, ita kuwa ta dunƙule a kusurwa. Yarinyar ta zura hannu ta sama ta damƙe ta, ita kuma ta kafa mata haƙora a ɗan yatsa har jini ya fito. Cikin firgita yarinyar ta yarfe hannu, dabbar ta faɗo a kan tayil, ta yi shiru na ɗan lokaci har muka ɗauka ta mutu. Mahaifiyata, wadda take zaune a kan darduma tana kallon duk abin da ake yi, ta ce: "Ai ɓera ɓera ne, ko daga Makka aka kawo shi." Uwar yaran ta ce a mayar da ita inda aka samo ta. Ni ne na nemi a ba ni wata ɗaya, kuma abin da na koya a cikin wannan wata da watannin da suka biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Irin da aka fi sayarwa, mai launin ruwan zuma da farin ciki, asalinta daga ƙasar Sham take, daga gonakin da ke kewayen birnin Halab a Siriya. A shekarar 1930 wani masanin dabbobi mai suna Israel Aharoni, na Jami'ar Hibru da ke birnin Ƙudus, ya sa aka haƙa wani rami a cikin gonar alkama kusa da Halab, aka fito da uwa da 'ya'yanta. Ƙalilan ne suka rayu a cikinsu, amma daga waɗannan ƙalilan ɗin ne akasarin hamstar da ke ɗakunan bincike da gidajen mutane a duniya suka samo tsatso. Na kawo wannan tarihi ne domin mai karatu ya lura cewa zaman dabbar a hannun ɗan Adam bai kai shekara 100 ba, alhali kyanwa da tattabara sun yi dubban shekaru tare da mu. Duk wanda ya taɓa kiwon tattabara yana yaro ya san cewa ita ma sai ta yi kwanaki a cikin akurki kafin ta yarda cewa nan ne gida, balle dabbar da kakanninta na kusa suke kwana a ƙarƙashin ƙasa don gudun mujiya da yanyawa.

Ba ɓeran gida ba ce, kuma ba ɓeran Masar ba ce, ko da yake mutane da yawa suna rikita su. Jelarta guntuwa ce ƙwarai, jikinta a dunƙule, nauyinta bai cika wuce giram 150 ba. Abin da ta fi kama da shi a cikin dabbobinmu shi ne gafiya, saboda ita ma tana da jaka a cikin kumatu biyu, wadda ta miƙe har zuwa kafaɗa, inda take cusa hatsi ta kai ma'ajiyarta. Ranar da na fara ganin ta cika kumatu da gero har kanta ya ninka girmansa, sai karin maganar nan ta faɗo mini a rai, gafiya tsira da na bakinki.

Abu biyu ne, a ganina, suke jawo yawancin cizon da yara ke sha. Na farko, ganinta ba shi da ƙarfi, da hanci da kunne take gane duniya, saboda haka hannun da ya sauko mata daga sama ba ta bambanta shi da faratan shirwa. Na biyu, dabbar dare ce. Tana kwana da rana, ta farka bayan faɗuwar rana, saboda haka a lokacin da yaro ya dawo daga makaranta yana ɗokin wasa, ita tana tsakiyar barcinta. Wanda aka finciko daga barci a cikin ɗakinsa ba a tsammanin fara'a daga gare shi. Da na fahimci wannan, doka ta farko da na kafa a gidana ita ce babu mai taɓa kejin sai bayan sallar isha'i, kuma sai in ita ce ta fito da kanta.

Kwana biyar na farko ba mu taɓa ta ba ko kaɗan. Mun ajiye kejin a wani ɗaki da ba a yawan shiga, nesa da talabijin da tagar da ke kallon janareta, muka lulluɓe gefe ɗaya da zane mara nauyi, ana zuba abinci da ruwa a fita. Da dare nakan zauna kusa da ita tare da yarinyar muna hira a hankali, wani lokaci ta yi tilawar haddarta a wurin, domin dabbar ta saba da muryoyinmu. Na kuma sa yarinyar ta murza 'yar farar takarda mai laushi a tafin hannunta ta jefa a cikin kejin, dabbar ta ja ta zuwa sheƙarta, ta kwana a cikin ƙanshin hannun da ta ciza.

Daga nan muka shiga ba ta abinci da hannu. Da farko ƙwayar kabewa ɗaya ake riƙewa da bakin yatsu a miƙa, a tsaya cak. Daren farko ta sansana daga nesa ta koma. Dare na uku ta fizge ta gudu. Sai a cikin mako na biyu ta tsaya a gabanmu ta riƙe ƙwayar da hannuwanta biyu tana ɓarewa, kunnuwanta a miƙe. Bayan haka sai aka koma shimfiɗa tafin hannu a ƙasan kejin da ƙwayar a tsakiya, yadda dole sai ta taka hannun kafin ta ɗauka. Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, kuma a nan ne haƙurin yaro yake ƙarewa, domin da zarar ya ji ƙafafunta a tafinsa sai ya so ya rufe hannu. Idan ya rufe, aikin mako biyu ya rushe. Na ga haka da idona a dare na goma sha shida, lokacin da ƙaramin wan yarinyar ya kasa daurewa ya rufe hannu, muka koma kusan farko.

Akwai wata 'yar magana game da wanke hannu da ban taɓa kawowa a raina ba sai da abin ya same ni. Wata rana na gama cin ƙuli-ƙuli na miƙa mata yatsa, ta sansana, ta ɗan gatsa, ba da fushi ba, ta ɗauka abinci ne. Haka nan hannun da ya sha turare ko humra ko man shafawa mai ƙarfi yana rikita ta, ta kasa gane mai shi. Tun daga ranar ake wanke hannu da sabulu mara ƙanshi kafin a taɓa ta, a kuma sake wankewa bayan an gama, wannan na biyun domin lafiyarmu ne, saboda dabbobi irin waɗannan suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. Likitoci kuma suna shawartar mace mai juna biyu da ta bar wa wani aikin share keji, saboda wata ƙwayar cuta da ake samu a jikin dangin ɓera wadda take iya yi wa ɗan tayi illa.

Ranar da aka fara ɗaga ta, ba da hannu aka ɗauko ta ba. Kofi muka kwantar a gabanta da ɗan gero a ciki, ta shiga da kanta, aka toshe bakin da tafin hannu, aka kai ta cikin wani babban baho na roba da aka shimfiɗa wa tsohon tawul. Yarinyar ta zauna a ƙasa ta zura hannuwanta biyu a ciki, dabbar tana hawa tana sauka. Sai da aka yi kwanaki ana haka kafin ta koyi tallafo ta daga ƙasa da tafuka biyu, kamar mai kamfatar ruwa, tana barin ta ta bi daga wannan hannu zuwa wancan. Minti biyar zuwa goma ya isa a karon farko. Ba a yin wannan a tsaye, domin hamsta ba ta iya auna nisan ƙasa, takan yi tsalle daga hannu ba tare da shakka ba, kuma faɗuwa daga tsayin ƙugun babban mutum tana iya karya mata ƙashi. Ba a kama ta ta fatar wuya, ba a matse ta a ƙirji, ba a kuma hura mata iska a fuska don a ga yadda za ta yi.

Tana da hanyar faɗin abin da ke ranta ga mai lura. Idan ta kwantar da kunnuwa, ko ta daskare wuri ɗaya, ko ta kife a bayanta tana nuna haƙora tana ƙara, to a janye hannu a bar ta sai gobe. Idan kuwa ta yi hamma ta miƙe, ko ta zauna a gabanka tana wanke fuska da hannuwanta, hankalinta a kwance yake. In an yi rashin sa'a ta yi cizo, kada a yarfe hannu kamar yadda 'yata ta yi, kuma kada a doke ta, domin ba ta san horo ba, abin da za ta riƙe kawai shi ne hannu abin tsoro ne. A sauke ta a hankali, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ya kumbura ko ya yi ja a je asibiti.

Ranka ya daɗe, a nan zan ɗan yi ƙorafi a kan kejin da ake haɗawa da dabbar a wurin sayarwa. Wanda aka ba ƙanena bai fi girman kwalin takalmi biyu ba, an yi masa ado da launuka da 'yan bututu, ya yi kyau a ido, amma ga dabbar da takan yi tafiyar kilomitoci a dare ɗaya kurkuku ne. Hamstar da ke cikin ƙunci takan wuni tana gaigayar ƙarfen keji, kuma ita ce ta fi saurin cizo, saboda haka duk dabarun sabo da na ambata ba za su yi tasiri ba in mazauninta bai yi ba. Masana kiwon ta suna ba da shawarar fili da bai gaza santimita 100 a tsawo da 50 a faɗi ba. Ni babbar robar ajiyar kaya na saya, na kai wa mai walda ya yanke tsakiyar murfin ya sa raga mai ƙananan idanu, kuma kuɗin bai kai na wancan kejin mai ado ba. A ciki ana buƙatar shimfiɗa mai zurfin aƙalla santimita 20 domin ta haƙa rami, da ɗan ɗaki na ɓuya, da guntun itace mai tsabta na gaigaya, saboda haƙoranta na gaba ba sa daina tsiro har ta mutu. Sai kuma wilin gudu, wanda ya kamata faɗinsa ya kai santimita 28 ga irin ta Siriya, kuma ya zama shafaffe ba mai sanduna ba, domin ƙarami yana lanƙwasa mata baya, mai sanduna kuma yana kama ƙafa.

Game da shimfiɗa, garin katakon da ake kwasowa a wurin kafintoci bai dace ba, ko da yake shi ne ya fi sauƙin samu a garin nan. Ƙurarsa tana shiga hanci da ido, kuma ba a san wane katako aka fesa wa maganin gara ba. Auduga ma haɗari ce, tana naɗe ƙafa, in an haɗiye ta kuma ta toshe hanji. Farar takarda mai laushi mara turare, a yayyage ta da yawa, ita muke amfani da ita. Ba a yi wa hamsta wanka da ruwa. Yashi muke tankaɗewa, mu wanke, mu soya shi a kasko ya huce, mu zuba a kwano, ita kuma ta yi birgima a ciki ta tsabtace gashinta. Idan za a share keji a bar mata wani ɓangare na tsohuwar shimfiɗar, domin in ta dawo ta tarar babu ƙanshinta ko kaɗan sai ta ɗauka an kai ta baƙon wuri.

Kada kuma tausayi ya sa a saya mata abokiyar zama. Irin ta Siriya ita kaɗai take rayuwa, da zarar sun kai kamar mako takwas da haihuwa sai faɗa, har ɗaya ta kashe ɗaya. In kuwa mace da namiji ne, cikinta kwana 16 ne kacal, mai gida zai wayi gari da abin da bai shirya masa ba.

Mu mutanen Jos muna da wata matsala tamu ta daban, wato sanyi. Dabbar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, alhali a watannin Disamba da Janairu sanyin dare a kan wannan tsauni yakan sauka kusa da digiri 10. Idan sanyi ya yi mata yawa takan shiga wani irin dogon suma, jikinta ya yi sanyi, numfashinta ya ragu har sai an ƙura ido kafin a gan shi, mai ita ya ɗauka ta mutu. Kafin a haƙa rami a bayan gida, a ɗauke ta a tafin hannu ko a naɗe ta da ƙyalle a ɗaki mai ɗumi, a jira ta farfaɗo sannu a hankali, kada a kanga ta a wuta. A lokacin hunturu a ƙara mata shimfiɗa, a ɗaga kejin daga kan siminti, a nisanta shi da taga. Kaskon gawayin da wasu ke shiga da shi ɗaki don jin ɗumi yana kashe mutum ma a rufaffen ɗaki, balle ita. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da turaren wuta. Mutanen Abuja kuwa zafin Maris da Afrilu ne abin tsoronsu, domin zafin da ya haura digiri 30 yana galabaitar da ita, sai a nema mata ɗaki mafi sanyi a gidan, a sa mata guntun tayil ko 'yar tukunyar ƙasa da za ta kwanta a ciki.

Abincinta bai fi cokali ɗaya na cin abinci a rana ba, gaurayen gero da dawa da alkama da accar da muke da ita a nan Filato, da 'yar masara kaɗan. Sau biyu ko uku a mako a ƙara da ɗan yankan karas ko kokwamba wanda bai wuce girman farce ba, wani lokaci da ɗan guntun dafaffen ƙwai, tunda a daji tana cin ƙwari. Gyaɗa sai jefi-jefi, mara gishiri, kuma a tabbata ba ta yi funfuna ba. Albasa da tafarnuwa da barkono da lemo da cakulan da ɗanyen wake da ɗanyen dankalin Turawa duk a nisanta su da ita, haka alewa mai danƙo da ke manne mata a jakar kumatu. Kwanon da aka gani babu komai ba ya nufin ta cinye, a duba ma'ajiyarta a cire ɗanyen abin da zai ruɓe.

Maganar hatsi ta kawo ni ga tsoron da mahaifiyata ta nuna, wanda yake da tushe. Mutanen garin nan ba su manta da zazzaɓin Lassa ba, domin ma'aikaciyar jinyar da aka fara gano cutar a jikinta a 1969, daga garin Lassa aka kawo ta wani asibitin mishan a nan Jos, inda ta rasu. Ɓeran da ke yaɗa wannan cuta wani iri ne mai yawan nonuwa da ke shiga gidaje da rumbuna, ba hamsta ba. Amma hatsin da ya zube a gefen keji gayyata ce ga wancan ɓeran, saboda haka a rufe abincinta a cikin roba mai murfi, a share wurin kullum, kejin kuma ya zama wanda ɓeran waje ba zai iya shiga ba. Kyanwar gida ma a hana ta ɗakin, ko zaman da take yi a kan murfi tana leƙe ya isa ya hana dabbar sakewa.

Cutar da ta fi kashe ƙananansu a makonnin farko ita ce wata gudawa mai tsanani da ke jiƙa gindin jela, wadda firgici da sauyin wuri suke taimaka wa. Tana iya kashewa cikin kwana biyu, don haka in an ga gindinta a jiƙe, ta daina cin abinci, ta takure, a nemi likitan dabbobi a ranar. Kada a ɗebo ragowar maganin yara ko na kaji a ba ta, domin wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin dangin fenisilin, guba ne a cikinta. A jihar da take da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, bai kamata mutum ya tsaya yin gwaji da kansa ba.

Wasu abokaina sun tambaye ni ko ya halatta a tsare dabba irin wannan don nishaɗin yara. Hukunci na malamai ne, ni ba malami ba ne. Abin da na sani tun muna makarantar allo shi ne labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun, da kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Yaro ɗan shekara tara zai yi ɗoki na wata ɗaya ya manta, nauyin kuwa yana wuyan uban da ya yarda aka ajiye ta. Ya kamata kuma a gaya wa yaron tun farko cewa rayuwarta shekara biyu ce zuwa uku, kada ranar ta zo masa ba shiri.

Tamu, wadda yaran suka raɗa wa suna 'Yar Halab, sai da ta yi mako bakwai kafin ta fara hawa hannun yarinyar ba tare da an sa ƙwaya ba, wato wata ɗayan da na roƙa bai isa ba, sai da na nemi ƙari. Har yau ba ta yarda da hannun yaron da ya taɓa rufe ta ba sai da kofi, kuma na ji cewa akwai waɗanda ba sa sabawa da ɗauka har abada, sai dai a kalle su. Mahaifiyata ba ta canza ra'ayinta a kan cewa ɓera ce ba, amma ita ce take ware mata ƙwayar kabewa duk ranar da aka yi miyar taushe.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani uba daga Anguwar Rogo, Jos.